Waya, fada ko gidan kallon ƙwallo: wanne ne ke sauke gajiyar sati da gaske?

Satin da ya wuce kam na san na yi sati. Tun ran Litinin, ranar kasuwa, kayan da muke jira suka maƙale a hanya, maigidana yana ta buga min waya kamar ni ne direban, masu bashi kuma kowa ya kashe tashi wayar, ran Laraba yarinyata ta kwana da zazzaɓi muka wuni likita, ga zafin nan na watan Afrilu da ko ruwan randa ka kurɓa sai ka ji kamar yanzu aka sauke shi daga wuta, ga kuran, wato wutar lantarki, yana zuwa yana komawa kamar baƙon da bai ga wurin kwana ba. Ran Juma'a da dare ina zaune ƙofar gida sai ƙanena da ke karatu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya zo, shi ma jarrabawa ta sa shi gaba, ya ce min Yaya, kai in kanka ya ɗau zafi haka me kake yi ka dawo daidai? Na buɗe baki zan ba shi amsa sai na ga ashe ban da ita a shirye, don abin da nake yi da abin da ke yi min amfani ba ɗaya ba ne. Shi ya sa na zauna na jera abubuwan da mu 'yan Maradi muka saba rage zafi da su, waɗanda ba sai ka sayar da akuya ba, na auna su ɗaya bayan ɗaya.

Awon nawa ba na masana ba ne. Ina duba abin da zai fita daga aljihu, ina duba yadda zan tashi da asuba washegari, sannan akwai wani abu da ban lura da shi ba sai da na yi ta shan wuya, wato shin abin nan yana da ƙarshe ko ba shi da shi. Ƙwallo alƙali zai hura usur kowa ya watse. Shayi in an sha na uku an wanke kofuna. Amma akwai nishaɗin da ba ya sallamar ka sai dai kai ka sallame shi, kuma wanda ya gaji shi ne mutum na ƙarshe da zai iya cewa ya isa.

Bari in fara da waya tunda ita ce kowa ke fara miƙa wa hannu, ni ma haka. Gaskiyarta dole a faɗa, babu abin da ya kai ta sauƙi. Ba sai ka yi wanka ba, ba sai ka gaida kowa ba, ba ka ƙona esansin moto, kana kwance kan tabarma ka sa forfe, wato data, na kwana guda shikenan duniya ta zo maka. In ranka a ɓace yake kuma ba ka son kowa ya tambaye ka lafiya, awa guda na barkwanci ko wani shiri mai dogon zango na Kano yana iya raba ka da tunani. Sai dai waya ba abu ɗaya ba ce, wannan ne kuskuren da muke yi in muna zaginta. Kallon fim guda da ka zaɓa da kanka, ka san farkonshi ka san inda zai tsaya, daban yake da zuga yatsa a TikTok ko Facebook. Na farkon kamar ka sayi kwanon tuwo ne ka ci ka wanke hannu. Na biyun kuwa gujiya ce a buhu an aje maka a gaba, ba ka ƙoshi ba kuma ba ka daina ba. Su waɗanda suka ƙera abin da gangan suka yi shi haka, bidiyo na ƙarewa wani ya faro da kanshi ba tare da ka taɓa komai ba, ko YouTube in ba ka kashe wannan maɓallin ba haka zai yi ta jan ka. Ni na sha kwanciya ƙarfe 10 da niyyar minti goma, in farga ƙarfe 2 saura, ido na raɗaɗi, batir ya mutu, forfe ya ƙare, kuma wallahi in ka ce in faɗa maka abu uku da na kalla ba zan iya ba. Ga shi a tsakanin barkwancin nan za a cuso maka hoton gawa, ko faɗan malamai, ko wani yana nuna sabuwar mota kai kuwa haya na jiran ka, to ina hutu a nan, an gudu ba a tsira ba ke nan.

Dabarar da na ga tana aiki ita ce tsohuwar hanya, ka je wurin yaran nan masu tura fina-finai a memori, ka zaɓi biyu ko uku a tura maka, na Hausa ko na Indiya mai fassara ko duk wanda ranka ke so, da ɗan canjin da bai kai kuɗin forfen da za ka ƙona kana kallo kai tsaye ba. In ka dawo gida ka kashe data gaba ɗaya. Ribar biyu ce, saƙon wurin aiki ba zai faɗo maka a tsakiyar kallo ba, kuma in fim ya ƙare ya ƙare. Wanda dole sai ta intanet zai kalla to ya rage ƙarfin hoton, 360 ya ishi ƙaramin allo, ba sai 720 ba da ke shanye data kamar rairayi ya ga ruwa. Kuma in da hali a kalla tare da iyali, ko a tele ko a jingina wayar jikin kwano kowa ya matso, don dariyar mutum biyar ta fi ta mutum ɗaya sauke nauyi, ga shi in dare ya yi uwargida za ta ce a kashe yara na da lakwal gobe, ka ga an samu mai hura usur.

Sai fada. Wanda bai zauna Nijar ba zai ɗauka zaman banza ne, benci biyu, tabarma, ɗan murhun waya da gawayi, buta ƙarama, ƙananan kofuna, sai samari da magidanta suna ta surutu. Amma duk unguwar da ka shiga, Zariya ko Ali Ɗan Sofo ko Bagalam ko Sabon Gari, in magariba ta wuce za ka gan su kusan kowace kwana, kuma ba banza aka riƙe abin ba. A nan ake jin wa ke neman yaron shago, wa aka yi wa haihuwa, wa ke kwance ba lafiya a haɗa mishi ɗan abin da ya samu. Ta fuskar kuɗi fada ta fi kowa araha, kowa ya jefa ɗan abin da ke aljihunshi a sayo ganye da sukari da gawayi, wanda ba shi da shi yau ba mai hana shi kofi. Abin da fada ke yi wa mai gajiya wanda waya ba za ta taɓa yi ba shi ne ta mayar maka da damuwarka daidai girmanta. Ka zo kana ganin duniya ta tashi don maigida ya yi maka tsawa gaban mutane, sai wani ya ba da nashi labarin da ya ninka naka, a yi dariya, a tsokane ka, wani dattijo ya ce kai yaro wannan ai ba komai ba ne, sai ka ji ƙirjinka ya saki. Shi kanshi jiran shayin magani ne, don ba a gaggawarshi, mai dafawa zai yi ta ɗaga buta sama yana zubawa yana mayarwa har kumfa ta tashi, na farko ɗaci, na biyu daidai, na uku zaƙi, kai kuma ba abin da za ka yi sai zama. Mutumin da ya wuni ana cewa yi sauri yi sauri, a tilasta mishi zaman awa guda ba ya komai, ai an yi mishi gata.

To amma fada ma tana da nata haƙoran. Na farko shi ne shayin kanshi. Ganyen nan ɗan Chana da ake tafasawa har ya yi kauri yana cike da sinadarin da ke hana barci, irin wanda ke cikin kofi da goro, kuma jiki yana ɗaukar wajen awa 5 kafin ya rage ko rabinshi. Ke nan in ka sha na farko ƙarfe 10 na dare, ƙarfe 3 rabinshi na nan yana yawo a jininka, sai ka kwanta ido biyu kana lissafin bashin da ka je fada don ka manta. Ni yanzu in dare ya yi nisa na farko ina barin shi ya wuce, in jira na uku, abokai suna min dariya wai na tsufa, to na ji. Ga sukari kuma da ake zubawa ba awo, mai ciwon suga ya san kanshi. Na biyu, ba kowace fada ce fada ba. Akwai wadda daga zama sai siyasa har jijiyar wuya ta tashi, akwai ta cin naman mutane, akwai wadda in ka duba da kyau kowa kanshi a sunkuye yake kan wayarshi, gangar jiki ce kawai ta zo. Akwai kuma wadda ta lalace, shisha da ƙwayoyi, yaro ya ce gajiya ce ta sa shi haɗiyar tramol don ya ji ƙarfi, wannan kam ba hutu ba ne, bashi ne jiki ke ba ka da ruwa mai yawa. In ka tashi daga fada ka ji zuciyarka ta fi nauyi fiye da yadda ka zo, sau biyu sau uku, canza benci kawai. Sannan lokaci ma yana da hukunci, da damina wajen watan Agusta da Satumba zaman waje har tsakar dare sauro kake ciyarwa, kuma mun san yadda likita ke cika da masu zazzaɓin cizon sauro a watannin nan, hutun da zai kai ka ga ƙarin ruwa ai bai yi ba.

Gidan kallon ƙwallo shi kuma wani abu ne daban, kuma in gajiyar taka ta haushi ce, irin wadda kake jin kamar ka yi ihu, ban ga abin da ya kai shi ba. Ina ne kuma magidanci da gemunshi zai miƙe tsaye ya kurma ihu ya rungume wanda bai sani ba, ba mai ce mishi mahaukaci? Ka biya ɗan kuɗin shiga, mai gidan yana da janareto ko sola don haka ko an ɗauke kuran ba ruwanka, minti 90 da hutun rabin lokaci ba ka tuna sunan maigidanka ba. Wasannin zakarun Turai ran Talata da Laraba ake yin su, tsakiyar sati daidai lokacin da gajiya ta fara taruwa, kuma ga wani abu da ke rikita mutane kullum, da sanyi babban wasa ƙarfe 9 na dare yake farawa a agogonmu, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba in Turawa sun tura agogonsu gaba sai ya dawo ƙarfe 8, dab da lisha ke nan, sai mutum ya shirya sallarshi tukuna. Na ƙarfe 8 ya fi wa mai tashi aiki da sassafe, kafin 11 kana kan shimfiɗa. Matsalar gidan kallo ita ce ba kai ke da iko da sakamako ba. In kai ɗan Barsa ne ko ɗan Madrid na gani-kashe-ni aka lallasa ku, ka ƙara wa kanka ɓacin rai da kuɗinka, gobe kuma a shago ba za a bar ka ka sha ruwa ba. Zafi da cunkoso ma suna nan, rumfar kwano da mutum hamsin a watan Afrilu ba wasa ba ce. Babban ramin kuwa shi ne caca. Daga ranar da ka fara sa kuɗi a kan wasa, kallon ya daina zama hutu, ya koma wani aikin, kana zaune zuciya na dukan uku-uku saboda wata ƙungiyar da ko sunan garinta ba ka iya faɗa. Na ga wanda ya shigo don ya manta ba shi da kuɗin cefane, ya fita ba shi da na kabu-kabun komawa gida.

Da a ce kokowa kullum ake yin ta da ban tsaya dogon bayani ba, ita zan ce kowa ya je. Mu da filin kokowarmu ke ɗauke da sunan Yakuba Ango Kantu, wanda ya ɗauko takobin farko na gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, ba sai an koya muna daɗin abin ba. In lokacin takobi ya zo, galibi wajen ƙarshen shekara, jihohi 8 kowace ta kawo 'yan kokowa 10, garin gaba ɗaya ya koma gaban tele da rediyo, mai shago da mai saye duk hankali na can, kiɗa da kirari kaɗai sun isa su wanke maka kai. Sai dai kwanaki kaɗan ne a shekara, gajiya kuwa kowane sati tana nan.

Abin da mutane suka fi rainawa kuma ni na fi ganin amfaninshi shi ne fita daga cikin gari, ko na awa biyu. Ba nisa ba. Ka gangara wajen gulbi da la'asar sakaliya, wajen da tsohon garin yake kafin ambaliyar 1945 ta sa aka hauro tudu, da rani ruwan ya janye sai rairayi da garake da inuwar mangwaro, iskar wurin ma daban take da ta cikin kwalta. Ko ka hau moto ka nufi Jiratawa ka ga koren zogale ido ya huta, ka sayo ɗanye a kawo gida a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Wanda ke da wuni guda, ran Lahadi misali, tabkin Madarunfa na nan, ruwa shimfiɗe, masunta, tsuntsaye, ga kaburburan waliyyai da ake cewa 99 ne kewaye da shi, ka ci kifi ka dawo. Wannan shi ya fi sauran cin kuɗi saboda esansi, jikka guda ko biyu za su iya tafiya (ga 'yan uwa na Najeriya, jikka a wurinmu sefa 1000 ke nan), kuma shi ya fi buƙatar ƙarfin hali don wanda ya gaji ba ya son tashi, shi ne ma dalilin da ya sa ba a yi. Amma ban taɓa zuwa na dawo na yi da-na-sani ba, kuma daren ranar barci nake kamar an yi min duka, saboda jiki ya motsa ido ya ga nesa. Sharaɗi guda, wajen kudu kusa da iyaka kowa ya san halin da ake ciki na tsaro a 'yan shekarun nan, a tafi da rana a dawo da rana, a tambayi mutanen wurin kafin a saki hanya, kar a ce sai an ga faɗuwar rana a bakin ruwa.

Ciki ma yana da nashi rabon, kuma ba na jin kunyar faɗa. Akwai gajiyar da ba komai ba ce illa ka wuni a kan kofin shayi da burodi. Fura mai sanyi da nono mai kyau da rana tsaka, ko kunun aya tunda Allah ya hore muna aya a jihar nan, ko ka biya wurin mai tsire da dare ka sa a yanka maka na ɗari biyar ka kawo gida a ci da yara, ko kilishi kaɗan kana taunawa a hankali, ƙaramin abu ne amma yana gaya wa rai cewa wahalar satin nan ba a banza ta tafi ba. Inda ake kuskure shi ne a mayar da shi na kullum, ko a yi shi don huce haushi, ka cika ciki da maiƙo ƙarfe 11 na dare a zafin nan ka ce za ka yi barci, sai juyi da ƙishirwa. Sau ɗaya a sati yana da daɗi, in ya zama kowane dare daɗin ya tafi kuɗin ma ya tafi.

Shi kuwa barci, ban sa shi a layi ɗaya da sauran ba don shi ne uban tafiyar. Babba yana buƙatar awa 7 ko fiye a dare, mu kuwa da yawa tsakanin fada da waya da kiran asuba ba ma samun 5, sannan mu yi ta mamakin me ya sa ƙaramin abu ke tunzura mu. Duk nishaɗin da zai ci daga cikin barcinka to rance ne. Da bazara ɗaki ba ya kwantuwa, wannan kowa ya sani, sai a yayyafa ruwa a tsakar gida tun da magariba ƙasa ta huce, a watsa ruwa a jiki kafin a kwanta, a ɗaura gidan sauro a waje. Ƙailula ma da malamai ke ta faɗa ba wasa ba ce, minti 20 ko 30 bayan azahar, ko a kan benci ne a bayan shago, amma kar ta zarce har la'asar don za ta ɓata na dare. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci ita ce ranar da ta fi dacewa ga ma'aikata tunda ana tashi da wuri, mu 'yan kasuwa kuwa Juma'a ranar kasuwa ce, sai dai mu jira Lahadi.

Da na karanta wa maiɗakina abin da na rubuta zuwa nan sai ta yi dariya ta ce duk wannan lissafin maza ne, ita wace fada za ta je, wane gidan kallo? Kuma gaskiyarta. Ta ce ita in sati ya yi mata nauyi abu biyu ne ke tsakaninta da hauka, ko ta je gidan kitso ko ta je gidansu. Kitso da lalle a wurinta kamar fada ne, ana zaune dole ba gaggawa, hira na gudana, ka tashi kuma da abin da za ka kalla a madubi ka ji daɗi. Zuwa wurin Inna kuwa ba ko dala sai kuɗin adaidaita, ta miƙe ƙafa a ɗakin da ba wanda zai ce mata ina abinci. Buki fa, na ce. Ta ce buki ba hutu ba ne, anko da gudummawa da wankin tukwane, ana dawowa a gajiye aljihu ya huje, daɗinshi daban amma kar a sa shi cikin maganin gajiya. Sai ta ƙara da wadda ta soke ni, wai hutun da ya fi mata kowanne shi ne in kwashi yaran in fita da su awa biyu ran Lahadi ta samu ta kwanta gidan shiru. Ban ce komai ba, don tafiya gulbin da nake yabo ni kaɗai nake yin ta.

To wanne za ka ɗauka? Ni abin da na ce wa ƙanena shi ne ya fara tambayar kanshi ina ne gajiyar take. In a jiki take, ka wuni tsaye ko kan moto cikin rana, kar ka yaudari kanka da fada ko ƙwallo, wanka, abinci mai kyau, kwanciya da wuri, wayar kuma a bar ta caji a wani ɗakin. In a kai take, lissafi ko karatu ko tunanin bashi ya cushe maka, to kwanciya ba za ta yiwu ba don kan ba zai yi shiru ba, nan ne ƙwallo ko fim guda ko fita bakin gulbi suke aiki, wani abu da zai ja hankalin gaba ɗaya sannan ya sake shi. In a zuciya take, an ɓata maka rai ko kana jin kai kaɗai ne a duniya, waya ita ce mafi muni a ranar, je ka fada mai mutanen kirki ko wurin tsohuwarka ko abokin da za ka iya faɗa wa gaskiya. In kuwa mutanen ne suka gajiyar da kai, ka wuni kana ciniki da jayayya har muryarka ta dushe, fada za ta ƙara maka ne, ka nemi shiru, ka zauna masallaci bayan magariba har lisha ba ka ce wa kowa komai ba, ni wannan ya sha fitar da ni. A hunturu da ƙura ke tashi dare ya yi sanyi, kallo a ɗaki da iyali ya fi zaman waje, da bazara kuwa ɗakin ne ba ya zaunuwa. Wanda kuma ya ga sati ya zama wata, barci ya ƙi, abinci ya ƙi, abin da yake so da can duk ya fita ranshi, wannan ya wuce shayi da ƙwallo, ya je likita ya faɗa musu yadda yake ji ba kunya.

In aka ce dole in jera su, a wurina barci na gaba, fita shan iska na biye, sai fada in an san da wa ake zama kuma an bar na farko ya wuce, sai ƙwallo ba caca, sai fim ɗin da aka turo a memori, zuga yatsa a waya kuwa can ƙarshe duk da ita na fi yi. Ƙanen nawa ya ce shi dai zai gama jarrabawa tukuna. Ran Lahadin nan na riga na yi alkawari, ni da yara uku a kan moto guda zuwa garaken gulbi, an ce in taho da mangwaro da zogale, kuma kar in dawo kafin la'asar.